Itacen Jegon da Na Tara

Da Allah zai mayar da ni baya ya ce in zaɓi abu ɗaya in warware, ba zan tsaya tunani ba. Wata 'yar takarda ce da malamar asibiti ta damƙa mini a hannu, ta karanta mini ita, ta sa na maimaita, na ninke na sa a aljihu, na iso gida na kama bakina. Shirun nan ya kusa kashe matata. Na yi aikin soja, na ga abubuwan da ba na son tunawa, amma can umarni ake ba ni. Wannan kuwa ba wanda ya sa ni. Da hankalina na yi, cikina a ƙoshe, ina zaune a inuwa, kuma bayan na gama na miƙe a gaban jama'ar Allah aka yi mini tafi.

Idan na zauna da tsofaffin unguwarmu a gindin mangwaro, ba su da aiki sai yabon zamanin da. A da maza maza ne. A da mace ba ta san ƙofar asibiti ba, a bakin gona take haihuwa, ta goya ɗanta ta ɗauki fartanya. Ina jin su, ina kallon bakunan nan da goro da taba suka cinye, in ce a raina ku ci gaba. Ba mai ambaton waɗanda suka durƙusa ba su tashi ba. Kowannenmu yana da ƙanwa ko inna da aka binne da ciki, amma in ana hira sai a tsallake ta kamar rami a hanya. Na san irin hirar nan sarai, domin ni ma na daɗe ina jan ta, har na fi su murya.

Ba ina cewa babu daɗi a wancan lokaci ba. Ƙauyenmu yana jikin dutse. In gari ya waye ba zakara ke tashe ka ba, ƙarar taɓarya ce daga gida zuwa gida, wannan ta buga waccan ta amsa, har ka iya gane matar wane ce ta makara. Sai waƙar mata a kan dutsen niƙa, sai kukan jakai masu sauka rafi, sai ƙarar garma in ta ci karo da tsakuwa. Muna yara aikinmu korar tsuntsaye da birai daga dawa, muna zaune kan rumfa da gwangwani da igiya, muna gasa ɓeran daji, muna faɗa a kan wutsiya. Da yamma ƙanshin burkutu da na miyar kuka su haɗu su cika ƙauye, tsofaffin mata suna kaɗi a bakin ƙofa suna zagin duk wanda ya wuce bai gaishe su ba. Yanzu injin niƙa ya haɗiye waƙar nan duka, babura sun kori jakai, jikanka yana zaune kusa da kai amma kunnensa a toshe da waya. Ina kewar waɗannan, ba ƙarya. Abin da ba na kewa shi ne abin da aka cusa mana a kai tare da su.

A wurinmu saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Sai ya yi golmo, wato ya yi shekaru yana noma gonar surukinsa, shi da 'yan ƙungiyarsa, damina bayan damina. Ana noma ana kiɗa, wanda ya miƙe ya dafa ƙugu an yi masa waƙa, waƙar kuma sai ta riga shi isa gidan budurwar. Ƙaya ta soke ka, ka cire ka ci gaba. Kunama ta harbe ka, ka yi murmushi. Dattawa suna zaune kan dutse suna gaya mana namiji ba ya cewa wayyo, namiji ba ya leƙa tukunya, namiji ba ya sa baki a maganar haihuwa, ko sunanta ba ya kamawa. Muka haddace. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa mutum yana iya tsoron dariyar abokansa fiye da mutuwar matarsa, alhali irin mutumin da suke ginawa ke nan. Da golmo na sami matata. Yarinya ce mai shiru-shiru, mai wushirya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen zane.

Daga nan na shiga soja kamar yawancin sa'o'ina. Na fito da igiya biyu, aka shiga kirana Kofur, muka zauna cikin Zuru, wajen Rikoto, tsakanin mutanen gari. Ciki biyu ya zube mata kafin na uku ya zauna. Kowa ya san yadda jego yake a lokacin. Mace in ta haihu sai ta yi kwana arba'in ana yi mata wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, ana ba ta kunun kanwa, tana kwana kan gado da garwashi a ƙarƙashi. Duk wannan wuta miji ne zai kawo itacenta, kuma tun ciki yana wata biyar ake fara tarawa a ƙofar gida inda kowa zai gani. Da tsibin itacen nan ake auna mutum. Wanda nasa ya ƙare kafin arba'in ya zama abin zance a bakin rijiya har yaron ya yi haƙori.

Ni kuwa na ce sai na nuna musu. Ban sayi ko ƙirare ɗaya ba. Da gatarina nake hawa dutse, in saro ƙirya da marke, masu cin wuta a hankali su bar garwashi, in ɗauko a ka in sauko da su. Tsibin ya kai katanga, ya wuce ta. Masu wucewa sai sun rage tafiya. "Kofur, tagwaye aka yi maka alkawari?" In yi murmushi in gyara zaman wani gungume. Ko sau ɗaya ban raka ta awon ciki ba, wannan ai harkar mata ce. Amma itacen nan, kullum da safe sai na zagaya shi hannu a baya kamar mai duba fareti.

Naƙuda ta zo, ta kwana biyu ba haihuwa. Shugabar zumuntar mata ta cocinmu ce ta shigo ta duba, ta fito, ba ta nemi izinina ba, ta ce asibiti. Can aka ce jaririyar a gicciye take a ciki, in ba a yi aiki ba za a rasa su duka biyu. Na sa hannu. Aka ciro 'ya mace, lafiyayya, mai kuka kamar an tsokane ta. Da na dawo unguwa da la'asar, abokaina na gindin mangwaro, waɗanda muka yi golmo da wasunsu, suna jirana.

"An ce farke ta aka yi?" in ji ɗaya.

"Aiki dai aka yi mata," na ce.

"Ai duk ɗaya ne. Kofur, duk noman da ka yi wa tsohon nan, ashe wadda ba ta iya nishi ba ya ba ka."

"To itacen fa?" in ji wani. "Na ji waɗanda aka yanka ba sa wankan jego. Ka kai wa mai burkutu, ta ba ka ƙwarya biyu ka jiƙa maƙoshi."

Aka yi dariya. Matata tana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, cikinta a ɗinke, ni kuma na buɗe bakina na taya su. Har na ce, "Za ku ga hayaƙi."

Ranar da aka sallame ta, malamar asibitin, wata gajeruwa mai tabarau da kowa ke kira Sista, ta ja ni gefe.

"Kai ne mijin?"

"Ni ne."

"Ka iya karatu?"

"Na iya, Sista."

"Duk da haka saurara." Ta ɗaga takardar ta bi ta layi-layi. Ba wankan tafasasshen ruwa, ba bugun ganye, ba gashin ciki. Kada ruwa ya zauna kan ɗinki. Ba kunun kanwa. Ba daka, ba ɗaukar tulu. In jikinta ya yi zafi, ko wurin ya kumbura, ko aka ji wari, a dawo da ita a ranar, ba washegari ba. "Maimaita mini."

Na maimaita kamar kurtu a gaban saje.

"Ka san abin da ya sa kai nake gaya wa ba ita ba? Ita in ta koma gida ba ta da baki, tsofaffi za su danne ta. Kai za su ji. Ka karanta musu a tsakar gida."

"An gama, Sista," na ce, har da ƙamewa.

Muka iso gida muka tarar gwaggona, ƙanwar babana, ta zo daga Danko don ta yi jego. Ta riga ta kafa duwatsun murhu, ta ɗora rabin duro, ta jiƙa ganyen darbejiya. Ta tarye ni da guɗa. "Ɗana, ka fitar da mu kunya. Tun da nake wankan jego ban taɓa ganin itace irin wannan ba." Hannuna yana cikin aljihu, yatsuna suna kan takardar. Matan maƙwabta sun cika tsakar gida. Na dube su, na hango kaina tsaye a tsakiyarsu, Kofur guda, ina karanta maganar ciki da ɗinki da wari, gobe kuma labari ya kai gindin mangwaro, itacena yana tsaye ba wuta kowa yana nuna shi da baki. Na zaro hannuna ba komai, na ce, "Sannu da hanya, Gwaggo."

Da ta ga ɗinkin ta fito ta same ni. "Wannan ai ita ta fi kowa bukatar wuta. Jinin da bai bi hanyarsa ya fita ba yana nan kwance, in ba a gasa shi ba zai ruɓe mata a ciki." Ba na ɗora wa Gwaggo laifi. Abin da ta sani ke nan, da shi ta tashi mata da yawa, kuma ba ta taɓa ganin cikin da aka yanka ba. Tana tsoron takarda kamar duk tsofaffin lokacin. Da na ɗaga mata ita na ce likita ne ya rubuta, za ta yi mita, ta zagi asibiti da masu asibiti, amma za ta sauke duron. Na san haka a lokacin, ba yanzu na gane ba.

Matata ma ta tambaye ni. Na shiga ɗaki ganin jaririya, ta ce a hankali, "Maigida, na ga Sista ta ja ka gefe. Ba ta ce komai a kan wanka ba?"

"Ta ce a kula da ke," na ce, na fita.

Har yau ina jin ƙarar. Ganye ya shiga ruwa, ya fito, ya sauka a jiki, sai numfashinta ta tsakanin haƙora. Ba ta taɓa yin kuka ba, ita ma 'yar dutse ce, an koya mata irin abin da aka koya mini. Ni kuwa ina waje ina faskare, in na gama in ɗauko kujera in zauna a ƙofar gida, hayaƙi yana tashi ta bayan katanga, masu wucewa suna cewa, "Kofur, ana jego." In ce, "Ana yi." A rana ta uku jikinta ya ɗauki zafi. Gwaggo ta ce zazzaɓin nono ne. A ta huɗu ƙafafunta suka kumbura, in ka shiga ɗakin akwai wani wari da turaren wuta bai iya rufewa ba. Duk abin da Sista ta faɗa ya cika. Sai na koma addu'a. Na tsaya a bakin ƙofarta na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ina kiran sunan Ubangiji, ina korar Shaiɗan. Na san abin da nake roƙo. So nake Allah ya warkar da ita a ɓoye, don kada in fito da takardar a tambaye ni tun yaushe take hannuna. Na mayar da Mahaliccina abokin rufa asiri.

Maƙwabcina na jikin katanga Musulmi ne, Bakabe, direban a-kori-kura. Ya same ni a kan kujerata.

"Kofur, mai ɗakina ta shiga barka, ta ce jikin ɗiyar nan ba daidai yake ba. Mota na nan, da mai a ciki."

"Mun gode. Muna addu'a. Mu masu bangaskiya ne."

Ya dube ni. "Mu ma muna taɓawa, Kofur. Amma ni kullum in na yi bisimilla sai na duba birki." Ya shige gidansa, na bi bayansa da tsaki.

Washegari da hantsi ƙarar ganyen ta tsaya a tsakiya. Gwaggo ta fito, ganyen yana hannunta yana ɗiga, ta ce, "Zo." Namiji ba ya shiga wurin wankan jego, amma na shiga. Matata tana zaune kan turmi a kife, ta riƙe cikinta da hannu biyu. Ɗinkin ya buɗe ta gefe ɗaya, jini da mugunya suna bin cinyarta zuwa cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa. Na ga raunuka a soja, amma nan sai na tsaya ina kallo.

"Kada ka tsaya kallo," ta ce. "Kira maƙwabci."

Mutumin da na yi wa tsaki jiya, nan take ya tashi mota. Muka shimfiɗa ta a baya kan tabarma, kanta a cinyar Gwaggo, jaririya a bayan Gwaggo. Ranar kasuwa ce, hanya cike da jakai da masu kaya, yana ta danna ƙaho. Na ga leɓunanta suna motsi, na sunkuya, ina tsammanin tsine mini take yi. Ashe godiya take. Tana ɗauko abubuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar wake. "Na gode da na ji kukanta. Na gode da ta kama nono. Na gode da motar nan ta tashi." Ta yi shiru, na ɗauka ta tafi, sai ta ci gaba. "In ka ɗauke ni na gode, in ka bar ni na gode. Amma ka duba, yarinyar nan ba ta da kowa sai wannan mutum." Kwana biyu ina ihu a bakin ƙofa da sunan addu'a, ban yi ko kalma ɗaya da ta kai wannan ba.

Sista ce a bakin aiki. Gwaggo ta tsaya waje da jaririya, ni na bi gadon. Sista ta ɗaga zanen, ta ga fatar da ruwan zafi ya saɓule, ta ga ɗinkin. Ba ta yi faɗa ba. Ta juyo ta miƙo mini hannu.

"Ina takardar?"

Na zaro ta. Tana nan yadda na ninke ta, gumi ya tausasa ta.

"Ka karanta musu?"

Na yi shiru.

"Ka adana ta da kyau," ta ce, ta mayar mini, suka tura gadon ciki.

Aka ce ana bukatar jini. Aka gwada nawa, bai yi daidai da nata ba, ko a nan ban yi amfani ba. Na aika gindin mangwaro wurin mazajen nan da ba sa cewa wayyo. Ɗaya ya ce bayansa ke ciwo. Ɗaya ya tuna yana da suruki marar lafiya a Ribah, ya kama hanya. Wanda ya ce a kai itace wurin mai burkutu ya aiko cewa an gaya masa ɗibar jini tana rage ƙarfin namiji. Direba ne ya naɗe hannun riga, shi da mata biyu na zumunta, ɗaya ma tana goyo. Matar direban kuma ita ta karɓi jaririyar ta haɗa da nata ɗan tana ba su nono. Likita ya sake yin aiki, ya fito ya ce mahaifa ta lalace sun cire ta, saura kuma sai abin da Allah ya yi nan da kwana uku. Kwana ukun nan na yi su a gindin bishiya tare da sauran mazajen da ke jinya, ina ba su labarin tsautsayi. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko yarinya ta sha. Aka ce ta sha. Ta ce, "To, an gode." Cokalin kunu na farko ta gode, ranar da ta iya zama ta gode, mai sharar ɗakin ma sai da ya gaji da amsa godiyarta.

Bayan wata biyu aka sa ranar godiya a coci. Na sa babbar riga, na jawo bunsuru, aka ɗauko mini damin dawa har gaban bagadi. Fasto ya ce maigida ya ba da shaida. Na ce magabci ya kawo hari gidana amma ya tarar da soja. Na ce kwana da kwanaki ina tsaye a ƙofar ɗakinta ina addu'a, maƙwabta shaida ne. Na ce ko sau ɗaya zuciyata ba ta yi shakka ba. Matan zumunta suka buga tulunansu na kiɗa, aka yi guɗa, aka yi tafi, wani dattijo ya ce ga irin mazan da ikilisiya take bukata. Sai aka ce ita ma ta ce wani abu. Ta miƙe da ƙyar tana dafe da benci, yarinya a kafaɗa. "Na gode wa Allah da ya bar ni. Na gode wa hannun da ya ɗinke ni sau biyu, da waɗanda jininsu ke yawo a jikina, da mai mota da matarsa. Gwaggo kuma kada ta sa komai a ranta." Ta zauna. Ba ta ambace ni ba. Na lura, har na ji haushi a hanyar gida.

Gwaggo ta sa a ranta. Ta koma Danko ba ta sake yi wa wata mace wanka ba, har ta mutu tana cewa hannunta ne ya kusa kashe 'yar mutane, ni kuma ina ce mata ai ƙaddara ce. Mutane suka riƙa tausaya mini, Kofur mai 'ya ɗaya tilo, ina karɓar tausayin ina cewa haka Allah ya so. Sauran itacen da shi matata ta dafa mini tuwo har damina ta zagayo, ina ci ina neman ƙari.

Abin da ya tono wannan duka jikata ce, ɗiyar yarinyar nan tawa da aka ciro. Bana ta haihu, ita ma aiki aka yi mata, a gidanmu ta sauka. Mijinta ɗan kabu-kabu ne, siriri mai matsattsen wando, irin waɗanda nake kallo in ce ko garma ba za su iya ɗagawa ba. Yana da nasa shirmen, komai sai ya ɗauki hoto ya watsa a waya. Amma ranar da suka dawo ya tsaya a tsakar gida gaban tsofaffin mata, ya karanta takardar asibiti da Hausa, ya maimaita da yarenmu, ya liƙa ta a ƙofar ɗaki.

"Yau kuma namiji ne zai koya mana jego?" in ji wata tsohuwa.

"Ba ni ba ne, Kaka, likita ne. In kun riga kun dafa ruwan, a yi mana shayi da shi."

Suka yi masa dariya, suka ce mijin-ta-ce. Ya taya su dariyar, takarda kuma tana nan a ƙofa. Ni, da tsohon bakin nan nawa da bai koyi komai ba, na ce, "Yaran yanzu ba kunya." Matata ta ɗago kai ta dube ni. A rana ta huɗu da azahar jini ya ɓalle wa jikata. Mijin bai tambayi kowa ba, ya fita titi ya tare mota, ya ɗauke ta a hannu. Ta ce a cikin motar yana addu'a yana kuka a gaban direba. Kafin magariba an tsayar da jinin, bayan kwana uku tana gida tana cin tuwo.

Washegarin dawowarta da safe na sami matata tana ɓarar gyaɗa. Na zauna kusa da ita.

"Tsohuwa, akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba."

"Ta takarda?" Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin sani?"

"Idona ne a rufe ran nan, ba kunnena ba. Na ji ta tambaye ka, na ji ka yi shiru."

"Shekarun nan duka ba ki ce komai ba?"

"Me zan ce? Ni aka bar wa rai, ina da abin yi da shi. Na goyi 'yata, na aurar da ita, ga jika, ga tattaɓa-kunne. In na zauna ƙullatarka, yaushe zan gode? Jira dai nake in ga ko za ka faɗa da bakinka kafin a binne ɗayanmu. Ka kusa makara, Kofur."

"Ki yafe mini."

"Na daɗe da sauke wannan, don ya yi mini nauyi, ba don ka cancanta ba. Gwaggo ce ba ta nan balle ka roƙe ta. Na sha gaya mata ba laifinta ba ne, ba ta yarda ba, don daga bakinka ya kamata ta ji. Kuma ba a ɗaki ka karɓi tafi ba, a coci ka karɓa. Miƙo mini faifan can."

Ranar Lahadin da aka yi godiyar jikata na miƙe da sandata na faɗi komai. Waɗanda suka yi mini tafi a wancan karo kusan duk suna maƙabarta. Na yanzu wasu suna duba waya, wata ta ce amin a inda bai kamata ba, mai ganga ya ɗan buga don ya ga na daɗe. Ƙaryata ta sami masu sauraro, gaskiyata ba ta samu ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da ɗan karatun da nake da shi.

Roƙona ga duk wanda wannan ya isa hannunsa, musamman maza, kada ku yi abin da na yi. In likita ya gaya maka magana a kan matarka, ka faɗe ta da ƙarfi ko wa ke wurin, su yi dariyarsu. In ka ga zafi ko jini ko wari, ka yi addu'arka a cikin mota. Kada ka ɓoye tsoronka a bayan sunan Allah, kada kuma ka tashi ba da shaida da ciwon da ba a jikinka yake ba. Ni an bar mini tsohuwata har na samu na roƙe ta. Ba wayona ba ne, kuma ba kowa ake bar wa ba.